Mai Kaza a Aljihu: Shin Hukuma Tana da Ikon Sauraren Asirin Kowa?

Gabatarwa

Akwai wata addu'a wadda ba ta rabuwa da bakin Bahaushe, watau “Allah Ya rufa mana asiri.” Malami yana yinta, ɗan kasuwa yana yinta, tsohuwa tana yi wa jikanta ita in zai yi tafiya. Ba a kuwa taɓa jin wanda ya ce mai yin wannan addu'a ɓarawo ne, ko yana da wani mugun abu da yake ɓoyewa ba. Kowa ya san asirin da ake roƙon a rufa shi ne talaucin mutum, da bashinsa, da cutarsa, da abin da ke tsakaninsa da iyalinsa. In an kware waɗannan a bainar jama'a mutuncinsa ya zube, ko da bai saɓa wa doka ko guda ba.

To, a zamanin nan yawancin wannan asiri ya tashi daga cikin ɗaka ya koma cikin wayar hannu. Ta waya ake neman rance, ta nan ake neman aure, ta nan ake gaya wa likita abin da ba a iya gaya wa uwa. Hukumomi kuwa, a nan gida da ƙasashen waje, sun mallaki na'urorin da za su iya tatsar wannan magana daga nesa, ta mutum guda ko ta miliyoyin mutane gaba ɗaya. Tambayar da wannan maƙala take so mu tattauna ita ce: shin ya halatta ga hukuma ta saurari kowa domin ta kama mugu? Masu cewa ya halatta suna da karin maganarsu a shirye, suna cewa mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as. Za mu auna wannan magana mu ga nauyinta.

Abin da ake nufi da tatsar magana

Kafin mu shiga gardama ya kamata mu san abin da ake gardama a kansa. Duk sa'ad da mutum ya buga waya, abu biyu yake bari a baya. Na farko ita ce maganar kanta. Na biyu shi ne abin da za mu kira sawun magana, watau wa ya kira wa, da ƙarfe nawa, minti nawa suka yi, kuma kusa da wane turken sadarwa kowannensu yake tsaye. Mutane sun fi jin tsoron na farko, alhali kuwa na biyu bai gaza shi tonon silili ba. Alal misali, in aka ga wata baiwar Allah ta kira asibiti da safe, ta kira mahaifinta da azahar, da la'asar kuma wayarta tana harabar kotun shari'a, ai ba sai an ji muryarta za a san abin da ke faruwa a gidanta ba.

Dokokin Nijeriya sun taɓo duka biyun. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar wa ɗan ƙasa sirrin gidansa, da wasiƙunsa, da maganarsa ta waya. Amma sashe na 45 ya ba da damar a taƙaita wannan haƙƙi saboda tsaro da zaman lafiyar jama'a. Dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanonin sadarwa su ajiye sawun maganar masu hulɗa da su har shekara biyu. A 2019 kuma Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta fito da ƙa'idojin tatsar magana, waɗanda suka ce sai da takardar izni daga alƙali, amma in akwai gaggawa ana iya fara saurare, sa'an nan a nemi iznin cikin sa'a 48. Daɗin daɗawa, a watan Disamba na 2020 aka ba da umurnin kowa ya haɗa layin wayarsa da lambarsa ta ɗan ƙasa, ta yadda kowane kira yana da suna da fuska da zanen yatsa a bayansa.

Game da kayan aiki kuwa, a 2013 jaridar Premium Times ta ba da labarin kwangilar Dala miliyan 40 da gwamnatin wancan lokaci ta ba kamfanin Elbit na Isra'ila domin sa ido a kan abin da 'yan ƙasa ke yi a intanet. A Disamba 2020 masu bincike na Citizen Lab a Jami'ar Toronto ta Kanada suka lissafa Nijeriya cikin ƙasashe 25 da suka ga alamar suna amfani da na'urar kamfanin Circles, wadda ke iya gano inda mutum yake, ta saurari kiransa, da lambar wayarsa kawai. A 2021 kuma Majalisar Tarayya ta amince da ƙarin kasafin kuɗi wanda ya ƙunshi kimanin Naira biliyan 4.8 domin sa ido a kan WhatsApp da wayar tauraron ɗan'adam ta Thuraya. Ashe ke nan maganar ta riga ta iso ƙofar gidanmu.

Hujjar masu cewa a saurara

Adalci ne mu fara da ba masu wannan ra'ayi haƙƙinsu, domin hujjarsu tana da ƙarfi, musamman a bakin mutumin Sakkwato. Wanda ya fito daga Sabon Birni ko Isa ko Goronyo ba ya bukatar a karanta masa lacca a kan rashin tsaro. A watan Oktoba na 2021 'yan bindiga sun faɗa wa kasuwar Goronyo suka kashe mutane da yawa. A watan Disamba na wannan shekara aka ƙone matafiya a cikin mota a ƙasar Sabon Birni. A watan Maris na 2024 aka kwashe almajirai daga wata tsangaya a Gidan Bakuso ta ƙasar Gada. Kowa kuma ya san da waya 'yan bindiga suke cinikin kuɗin fansa, da waya masu kai musu rahoto suke gaya musu wanda ya sayar da shanu, da motar da ta taso.

Saboda haka in uban da aka sace wa ɗa ya ce, “Ku saurari wayata da ta kowa, muddin za ku dawo mini da yarona,” ba mai hankalin da zai ga laifinsa. Tsare rai yana gaba da tsare sirri, kuma farkon abin da ya wajaba a kan kowace hukuma shi ne mutane su kwana da ransu. Ba kuwa yau aka fara gaya wa masu mulki su buɗe ido ba. Wajen ƙarshen ƙarni na 15, Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa littafin nasiha a kan mulki, ya keɓe babi guda a kan wajabcin sarki ya riƙa binciken al'amuran ƙasarsa. Sarkin da bai san abin da ke gudana a ƙasarsa ba makaho ne a bakin rijiya.

Mun yarda da wannan duka. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a yi tsalle daga “a binciki mugu” a dira a kan “a saurari kowa,” kamar abu ɗaya ne.

Bincike dabam, tajassusi dabam

Malaman Musulunci, waɗanda shugabannin jihadin Sakkwato suka sha daga kogin karatunsu, sun daɗe da rarrabe waɗannan abubuwa biyu. Aya ta 12 ta Suratul Hujurati ta hana mugun zato, ta hana tajassusi, watau bin diddigin asirin mutane. Aya ta 27 ta Suratun Nur ta hana shiga gidan wani sai da izni da sallama. Tsarin gidan Bahaushe ma kansa shaida ne: baƙo iyakarsa zaure, na jiki ya kai shigifa, cikin gida kuwa sai wanda aka yarje wa.

Wani zai ce wannan hani talakawa ya shafa, ban da mai mulki. Labarin da aka ruwaito na Sayyidina Umar ya isa amsa. An ce wata rana da dare ya haura katangar wani gida ya tarar da mai gidan a kan abin da shari'a ta hana. Mutumin ya ce masa, in shi ya yi laifi guda, to, Sarkin Muminai ya yi uku: ya yi tajassusi, ya shigo ba ta ƙofa ba, kuma bai yi sallama ba. Umar, duk da kwarjininsa, ya karɓi wannan magana ya fita. A lura, mai gidan nan da gaske mai laifi ne, kazar tana cikin aljihunsa. Amma laifinsa bai halatta wa shugaba haura katanga ba.

Haka kuma malamai ba su rufe ƙofa ruf ba. Alƙali Mawardi, wanda ya rasu a 1058, ya yi bayani a littafinsa na hukunce-hukuncen mulki cewa mai hisba ba shi da ikon tono abin da ke ɓoye, sai fa in wani amintacce ya gaya masa, alal misali, ga wane can ya keɓe da wani zai kashe shi. A nan ya halatta ya kutsa, domin in ya jinkirta ɓarnar ba ta gyaruwa. Mai karatu ya dubi sharuɗɗan da ke cikin wannan misali: akwai mutum sananne da ake tuhuma, akwai labari daga majiya amintacciya, akwai kuma ɓarna babba wadda ba a iya mayarwa. Sauraren wayar ƙasurgumin ɗan bindiga da masu kai masa rahoto ya cika waɗannan sharuɗɗa sarai. Tatsar maganar jama'ar gari gaba ɗaya bai cika ko guda ba. Mai bincike da zargi yake farawa, sa'an nan ya nemi hujja. Mai tajassusi kuwa tara asirin kowa yake yi tukuna, sa'an nan ya zauna yana tankaɗe ko zai sami wanda zai zarga. A wurinsa kowa mai laifi ne wanda ba a kai ga kamawa ba.

Akwai wani abu kuma da ake mantawa. Idon da magabata suka ce sarki ya buɗe, mafi yawansa a kan ma'aikatansa ne. A Daular Sakkwato gidan Waziri ne ke kula da wasiƙun da ke kai da komo tsakanin Sarkin Musulmi da sarakuna irin na Kano da Zazzau, ta nan ake jin ƙarar wanda aka zalunta, ta nan ake tsawata wa mai riƙon ƙasa. Yau an juya madubin. Hukuma tana son ta ga cikin ɗakin talaka, shi kuwa talaka bai san nawa aka kashe wajen sayen na'urar da ake leƙensa da ita ba, balle wanda ke riƙe da ita.

Sarki goma, zamani goma

Mu koma ga masu cewa wanda bai yi laifi ba ba ya jin tsoro. Wannan magana ta ginu a kan zaton cewa mai sauraren adili ne, kuma zai dawwama. Tarihin garin nan ya ƙaryata zaton. A watan Maris na 1903 Turawa suka ci Sakkwato, suka tarar da tarin wasiƙu a gidan Waziri Buhari. Waɗanda suka rubuta su sun rubuta ne cikin amana, zuwa ga shugabansu. Ba wanda ya zaci wata rana baƙon da ya ci ƙasa da yaƙi ne zai zauna yana karantawa, yana gane wa ya ce me a kansa. Daga baya wani jami'in mulkin mallaka, H. F. Backwell, ya fassara su zuwa Turanci aka buga a 1927. Abin da aka adana yakan fi mai adana shi tsawon rai, kuma ba ya zaɓen wanda zai gaje shi. Waɗancan wasiƙu 'yan kaɗan ne. Ina ga rumbun da ya ƙunshi kiran mutum miliyan ɗari da ɗoriya?

Bayan tawayen Satiru na 1906, tsoron Mahadiyya ya sa Turawa suka baza kunnuwa a kan malamai da matafiya da mahajjata. A 1923 suka kama Shehu Sa'idu ɗan Hayatu, tattaɓa-kunnen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a Dumbulwa ta ƙasar Fika, bisa zargin yana shirya tawaye, aka kai shi Buea ta Kamaru ya yi shekaru a can. Laifi a idon mai mulki ba kullum ne yake zama laifi a idon gaskiya ba. Mai riƙe da na'ura shi ke yanke abin da za a kira kaza.

Kada a ce wannan halin 'yan mulkin mallaka ne kawai. A Amurka, wadda ke alfahari da 'yanci, hukumar FBI ta tatsi wayar Martin Luther King tun daga 1963, mutumin da yau ake hutu da sunansa. A nan gida, bayan kisan Janar Murtala Muhammed a 1976 aka kafa hukumar tsaro ta NSO, kafin shekara goma sunanta ya zama abin tsoro ga 'yan jarida da ɗalibai da malaman jami'a, har aka rushe ta a 1986. A 2015 da aka fasa rumbun kamfanin Hacking Team na Italiya, mai sayar da manhajar kutse, sai ga sunan gwamnatin jihar Bayelsa cikin masu ciniki da shi, alhali Tsarin Mulki bai ba jiha aikin leƙen asiri ba. Makamin da aka saya da sunan ɓarawo, sau da yawa a kan abokin hamayya yake ƙarewa.

Akwai kuma ɓarnar da ba a gani da ido. An ruwaito hadisi mai ma'anar cewa shugaba in ya shiga neman abin zargi a cikin mutane, to, zai lalata su. Mutumin da ya san ana saurarensa yakan fara tauna magana, sa'an nan ya daina faɗinta, daga bisani ya daina tunaninta. Aboki ya riƙa zargin aboki. Wannan kuwa ya fi shafar wuri irin jami'a, inda aikinmu shi ne tambaya da gardama. Ɗalibin da ke tsoron a ga littafin da ya nema a intanet, ko malamin da ke tsoron abin da zai rubuta wa abokin bincikensa, sun riga sun yi hasara tun ba a kama kowa ba. Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Al'ummar da ba ta da ciki ba ta da amana.

Shin ma yana magani?

Ko da za mu ajiye maganar halacci, sai mu tambayi amfani. A watan Yuni na 2013 Edward Snowden ya fallasa cewa hukumar NSA ta Amurka tana tara sawun kiran miliyoyin Amurkawa. A 2014 kwamitin da gwamnatin ƙasar ta kafa domin duba irin waɗannan al'amura ya ce bai sami ko misali guda ba inda wannan shiri ya sauya sakamakon wani binciken ta'addanci. A 2015 wata kotun ɗaukaka ƙara ta ce shirin ya saɓa wa doka, majalisa kuma ta sauya shi. A 2021 Kotun Turai ta Haƙƙin Ɗan'adam ta yanke cewa tsarin da Ingila ta bi wajen tatsar saƙonni a dunƙule ya keta haƙƙin sirri, saboda ba shi da isassun matakan kariya. Wanda ke neman allura, in ya ƙara tula ciyawa a kanta wahalar kansa ya ƙara.

Mu ma mun ɗanɗana irin wannan magani na a-game-kowa. A watan Satumba na 2021 aka rufe layukan waya a Zamfara, sa'an nan a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar Sakkwato, domin a toshe wa 'yan bindiga hanya. Harin Goronyo bayan wannan mataki ya auku. Aka yi ta ba da rahoton cewa a bakin iyaka miyagu suna amfani da layukan Nijar, mutumin ƙauye kuwa ya rasa yadda zai kira a kawo masa ɗauki. A watan Afrilu na 2022 aka hana layuka fiye da miliyan 70 yin kira saboda ba a haɗa su da lambar ɗan ƙasa ba. Duk da haka ba a fasa cinikin fansa ta waya ba, har a Janairu 2024 tsohon Ministan Sadarwa, Isa Ali Pantami, wanda a hannunsa aka yi wannan shiri, ya fito ya koka cewa hukumomin tsaro ba su amfani da shi yadda ya kamata. Manyan 'yan bindigar yankin nan ba ɓoyayyu ba ne, an san sunayensu, wasunsu har saƙon murya da bidiyo suke saki. Abin da ya yi ƙaranci shi ne aiki da bayanin da ke hannu. Talaka ya miƙa asirinsa, bai karɓi tsaron da aka yi masa alkawari ba. Garin neman gira ana shirin rasa ido.

Kammalawa

Matsayin wannan maƙala shi ne, hukuma tana da ikon sauraren wanda ake tuhuma, ba ta da ikon sauraren kowa. Domin kada na farko ya rikiɗe ya zama na biyu, akwai sharuɗɗa huɗu da ya kamata mu riƙe. Na ɗaya, a ambaci mutumin da laifin da ake zarginsa da shi. Na biyu, alƙali mai zaman kansa ya ga hujja kafin a fara, in kuwa gaggawa ta sa an riga shi, ya sami ikon rushe abin da aka tara. Na uku, a sa wa'adi, in ya cika a goge maganar duk wanda ba shi da hannu. Na huɗu, a riƙa gaya wa majalisa da jama'a yawan iznin da aka bayar kowace shekara da yawan miyagun da aka gurfanar ta dalilinsa, jami'in da ya karkatar da na'ura don biyan bukatar kansa ko ta ubangidansa kuma a hukunta shi. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a 2023 mataki ne, amma doka ba ta tsare kanta, sai in akwai masu tambaya.

'Yan'uwa ɗalibai, daga cikinmu ne za a sami alƙalan gobe da za a kawo wa takardar izni, da injiniyoyin da za a ce su karkatar da layi, da jami'an da za a ba na'urar sauraro. Horon kuwa tun yanzu yake farawa. Wanda ke naɗar muryar abokinsa a ɓoye ya watsa, ko ya buɗe wayar ɗan ɗakinsu in ya fita, shi ma katanga ya haura, kuma ran da aka ba shi babban tsani ba zai yi sallama ba. In aka ce mana mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as, sai mu amsa cewa aljihun nan namu ne, wanda zai sa hannu a ciki ya fara faɗin abin da ya ɓace masa, da shaidar da ta nuna mu.

Allah Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, Ya ba shugabanninmu ikon riƙon amana, Ya rufa mana asiri duniya da lahira, amin.